Abin da Fatahu ya kawo mini in narke

Ina zuba narkakken sanholo a yashin zubin tukunya Ramalan, wani ɗan tasha, ya tsaya bakin rumfata, bai yi sallama ba. Ya ce makiyaya sun tsinci motar Ghissa direba a yamma da hanyar Assamakka, bidon ɗinsu na ruwa duk a bushe, kuma Fatahu yana cikin waɗanda aka binne can. Na ajiye kasko na zauna ƙasa.

Ni maƙerin tukwane ne a Arlit, Ba'adare. Fatahu ɗan Damagaram ne, ubansa ya zo aikin ma'adini, tari ya kashe shi. Shi ya ƙi shiga rami, ya koyi gyaran salula, ya kafa tebur kusa da tasha. Siriri ne, ba ya cin abinci sai an tuna masa. Kullum da rana yakan zo rumfata mu sha shayi, ya ce tukwanena sun fi ni kyan gani.

Da aka hana ɗaukar baƙi zuwa arewa, direbobi suka shiga tsoron shingen bincike, don salularsu ita ke tona su. A cikinta suke ajiye alamar kowace rijiya da kowace hanyar kauce. Sai suka saba: in za a shigo gari, a goge komai, in za a fita, a biya wurin Fatahu ya mayar musu daga ordinatarsa, wato kwamfuta. Haka rijiyoyin hamada da lambobin direbobi suka taru a ƙarƙashin teburinsa. Wasu matasan direbobin ba su ma san hanya da ido ba, abin da ya zuba musu suke bi.

Wata safiya wasu mutum biyu cikin farin kaya suka zauna a bencin mai shayi, suna kallon teburinsa, ba su kawo gyara ba. Washegari aka aiko ya je komisariya, wurin 'yan sanda, da na'urarsa.

Kafin ya je ya biyo ta wurina, da wani ƙarfe kamar tafin hannu a aljihu. Ya ce shi ne cikin ordinatar, gogewa ba ta isa, masu bincike suna iya dawo da abin da aka goge. In suka buɗe shi, gidaje da yawa za su rasa mazansu. Na tambaye shi ko ya kwafe rijiyoyin a wani wuri. Ya ce duk inda ya kwafe, nan za su nema.

Na zuga wuta. Muna kallo abin ya lanƙwashe, ya yi hayaƙi mai wari, ya bi sauran sanholon. Fatahu ya miƙe. Ya ce daga komisariya ba zai kwana a gari ba, Ghissa zai fitar da shi ta bayan shinge, wai Ghissa ya ce ya san hanya da ka.

Allah ya jiƙanka, Fatahu. Har bakin titi na raka shi, ina riƙe da hannun rigarsa kamar yaro.

Na ce, "Ɗan'uwa, Ghissa bai taɓa fita ba sai da abin da ka zuba masa."

Ya ce, "Na sani, maƙeri. Ka ba mu aron bidon ɗinka babba."