Garin da Ba Shi da Zango

Ranar da 'yata ta ce mini ta samu aikin nas a wani gari, ina tsaye a kicin ina tuƙa tuwo, dawowata ke nan daga gidan tsohon da nake kula da shi. Ita ce autata, ita kaɗai ta rage mini a gida tun rasuwar babansu. Ta faɗi sunan garin, na maimaita sau biyu harshena ya ƙi kamawa. Ta ce daga unguwarmu ta Parkchester a Bronx sai an yi rabin yini a mota, amma hedkwatar gunduma ce, akwai kotu da gidan yari da duk ofisoshin hukuma.

Jin hedkwata sai hankalina ya ɗan kwanta. A Gana inda na tashi, in an ce hedkwata ai an ce kasuwa da tasha da hayaniya, kuma a bayan tasha ba a rasa zango. Na ce ta duba mini garin a waya. Ta shiga karantawa da Turanci ina amsa mata da Hausa, don haka muke magana da ita tun tana ƙarama. Wai wasu manoma ne suka sare daji suka zauna, suka yi ta rigima da garin da ke kusa a kan inda za a gina kotu, har suka yi nasara. Layin dogo ya zo, aka buɗe masana'antar takalma. Daga baya masana'antar ta rufe, jirgi ma ya daina tsayawa. Sannan ta karanto yawan mutanen garin.

Na ce ta sake dubawa, wataƙila ta tsallake sifiri. Ta ce ba ta tsallake komai ba. Mutanen da ke gidajen Parkchester kaɗai sun ninka su ban san sau nawa ba, kuma duk ƙidayar da aka yi mutanen garin raguwa suke. Ni dai kaina ya ɗaure. Gari guda an rubuta wanda ya fara kafa bukka a cikinsa, an ƙirga tsofaffi an ƙirga yara, an san fari nawa baƙi nawa, amma da na ce ta duba ko akwai masallaci ko wani namu, sai ta ce ba a rubuta wannan ba. To me amfanin ƙirgar?

Mu ba ma sakin ɗa a gari sai mun damƙa shi a hannun wani. Mahaifina fataucin goro ya yi, bai taɓa kwana a gari bai gaida sarkin zango ba. Ni ma da zan taho Amurka, kaset mahaifiyata ta ɗauka da muryarta, ta ce in kai wa magajiyar matanmu a Bronx, a ciki tana cewa ga amana nan. Matar nan ita ta zauna kusa da ni a haihuwata uku. Don haka na ce wa yarinya ba za ta tafi ba sai na samu wanda zan ba shi amanarta.

Na fara cigiya. Na tambayi matan da muke karatu tare ranar Lahadi, ba wadda ta taɓa jin sunan garin. Na hau tiren, wato jirgin ƙasa, na tafi titin 116 wurin 'yan Nijar, tunda su ba inda ƙafarsu ba ta taka ba. Wani tela ya rantse mini ba garin da babu Bahaushe a duniyar nan, in ba shi kwana biyu. Da na koma sai ya fara sosa ƙeya. Daga ƙarshe aka haɗa ni da wani mai yawon sayar da huluna da tabarau a bukukuwan ƙauyuka. Ya ce ya taɓa ratsa garin, ya sha mai, kuma ban da mai gidan man, kare ɗaya ya gani a titi.

Asibitin suna jiran amsarta kafin Juma'a. Muka yi faɗan da ba mu taɓa yi ba.

"Mma, ni ba kaya ba ce da za a bai wa wani ajiya," in ji ta, kuma da Hausa ta faɗa, don ta tabbatar ya shige ni.

Na ce in ta tafi haka ta tafi ba da albarkata ba. Wallahi ina rufe baki na yi nadama, amma ni ba na iya janye magana da wuri, halina ne kuma na san ba kyau. Ta shige ɗaki tana kuka. Tsoro ne ya cika ni, ba komai ba: ta kwanta ciwo a inda ba mai ƙwanƙwasa mata ƙofa.

Washegari na yanke shawara. Ko ba zango, ai kowane gari yana da babba. Na sayi goro fari da ja, na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma, na ce ta tuƙa mu.

Garin tsaf yake, kamar an share ana jiran baƙin da ba su zo ba. Kotun na tsakiya, gini ƙato mai agogo a ka, shagunan da ke kewaye da shi rabi a rufe. Mai gadin ƙofa ya buɗe jakata, ya jujjuya goron, ya shinshina. Na ce wa yarinya ta gaya masa babban gari muke nema. Ta gaya masa tana kallon ƙasa don kunya. Ya ce alƙali na cikin shari'a, shi kuma magajin gari ba ya zama a nan, yana shagonsa yana sayar da kayan gyaran gida. Shugaban gari a shago yana auna ƙusa. Mai gadin ya yi ɗan tunani, sai ya ce in wanda ya san kowa muke nema, mu sauka ƙasa, akwai wata tsohuwa da ke kula da ɗakin tarihin gari.

Mun same ta cikin tsofaffin hotuna, farar tsohuwa 'yar siririya da sanda. Ta ɗauka tarihi muka zo ji, ta yi ta nuna mana hoton tasha cike da mutane da na ma'aikatan takalma sahu-sahu. Na bari ta gama, don ba a katse babba. Sannan na ajiye goron a gabanta, na kama hannun yarinya na ɗora a kan na tsohuwar, na ce ga amana. Na yi jawabi mai tsawo, yarinya ta fassara shi cikin kalma biyar. Na harare ta na ce ta faɗa duka: in ta yi ciwo ki duba ta, in ta yi ba daidai ba ki tsawata mata, in abin ya fi ƙarfinki ki kira ni.

Tsohuwar ba ta saki hannun ba. Can ta yi magana, yarinya na fassara mini a hankali.

"'Ya'yana uku duk sun bar garin nan. Ban san ana bai wa wani amanarsu ba."

Ta ce ta karɓa. Sai ta yagi takarda ta yi rubutu, ta miƙo mini. Adireshin ƙaramin ɗanta ne, a Bronx, tasha kaɗan daga gidana. Ta ce ya daɗe bai kira ba, lambarsa ma ba ta shiga. Ta ɗora takardar a tafina ta rufe da nata hannun, daidai yadda ta ga na yi.

Na sa wa 'yata albarka a cikin mota, muna kuka mu biyu. Ta fara aiki a satin da ya biyo.

Na je adireshin da shinkafa da wake a kula. Sunansa ba ya jikin ƙararrawar ƙofa. Mai kula da ginin ya ce ya tashi tuntuni, bai bar wa kowa inda ya koma ba. Na koma sau biyu ko zan dace da maƙwabcin da ya san shi, na bai wa direbobin tasi na masallacinmu sunansa, har yau shiru.

Duk Lahadi da la'asar tsohuwar tana kirana. Da guntun Turancina nake fahimtar ta: yarinya ta ci abinci a gidanta, ta yi mura ta warke, ita tsohuwar ta yi mata faɗa a kan tuƙi cikin ƙanƙara. Ba ta taɓa tsallake mako ba. In ta gama ba ta tambayata komai, sai ta yi shiru a kan layi tana jira, ina jin numfashinta. Ni kuma sai in ce mata ina nan ina nema.