Tsagar gidanmu a kumatun dodo

Jama'a, yau na ga fuskata a jikin dodo!

Jikata Hadiza ke rubutawa, ni ke faɗi. Jikana Sanusi, mai karatu a Maradi, ya zo hutu. Kwana uku yana bi na: "Kaka, mi ya sa gidanmu ba a cin guza?" Na ji daɗi, na zayyana mashi yadda guza ya nuna ma kakanmu ruwa a hanyar Kornaka, ƙishirwa na shirin kashe shi da shanunshi.

Ɗazu bayan azahar na leƙa talho ɗinshi, wayar nan tashi ta hannu. Wani ƙaton abu kore, haƙora waje, ga tsagar gidanmu raɗau a kumatu!

Na ce: "Kai, wane ne wannan?"

Ya ce: "Wasan intanet ne, Kaka. Dodannin ciki ba su da tarihi, mu 'yan wasa ke ƙirƙira masu al'ada. Sai na ba su tamu."

"Tamu?!"

"Wallahi an so ta. Har wani ya ƙara cewa suna auren guza."

Auren guza! Da tsagar nan anka binne uwata!

Na ce ya goge. Wai an riga an kwafa, ba ta goguwa.

Na fizge talhon, na ƙulle a bakin zane. Na ce: "Tunda kai ne mai rabon asali, jero mini kakanninka bakwai ka amshi abinka."

Ya kai na uku ya maƙale. Kada wanda ya gaya mashi na huɗu!