Baba Tak, Wanda Ya Zo Na Kutal Sau Bakwai

Ƙarfe shida da rabi na safe babur ɗinsa ke tsallake gadar kogin Taehwa, a cikin ayarin ma'aikata masu gangarawa unguwar masana'antu ta Ulsan a Koriya ta Kudu. Kafin bakwai ya rataye jakarsa, ya kifa hular kwano, ya shanye gahawa mai madara a ɗan kofin takarda daga injin bakin ƙofa. Daga nan sai ya ɗauki sandarsa.

Sandar ƙarfe ce siririya, kamu biyu, da ɗan dunƙule a kanta. Famfunan tura mai arba'in da huɗu ne a sashenmu, kuma kowanne sai ya tsaya a kansa, ya ɗora bakin sandar a jikin injin, ya manna dunƙulen a bayan kunne, ya lumshe ido. In ka yi masa magana a lokacin nan, da bango kake yi. Can sai ka ji ya ce, "Na sha bakwai na kukan giris," ko kuma, "Boris ɗin da ke juya na tara ba zai ga Laraba ba." Kuma ba ya gani ɗin.

Sunansa Tak Byeong-cheol. Mu Baba Tak muke ce masa, har waɗanda shekara uku kacal ya ba su. Shekara talatin da huɗu ya yi a matatar mai ta wani babban kamfanin makamashi, ranar Juma'ar da ta wuce ya ajiye aiki. Hotonsa bai taɓa fitowa a mujallar kamfani ba. Kai, in ma ka je hedikwata a Seoul ka buɗe fayil ɗinsa, cewa za ka yi ba a taɓa ɗaukar malalaci irinsa ba, don sau bakwai yana zuwa na kutal a awon ma'aikata. Wannan fayil ɗin ne ya sa muka ga ba za mu yi shiru ba.

Shekara goma sha uku ke nan da aka sauko mana da tsarin awon nan. Duk watan Nuwamba shugaban sashe zai jera mutanensa daga na ɗaya zuwa na ƙarshe. Mu ashirin ne, to dole biyu su kwana a ƙasan takarda, ko da kuwa duk ashirin ɗin gwanaye ne. Wanda ya zo ƙasa babu ƙarin girma a shekarar. Wanda ya zo ƙasa sau biyu a jere kuwa, cire shi ake yi daga cikin injuna a kai shi wani ɗaki a hawa na huɗu, wai ƙaro horo. Tebur ne da kujera da agogon bango. Ba mu san wanda ya wuce wata biyar a ɗakin nan bai rubuta takardar barin aiki da hannunsa ba.

Tabɗi! Sai ga mutanen da ke cin kimchi, kabejin nan mai yaji, a kwano ɗaya sun fara kulle littattafan dabarun aikinsu a durowa. Da, in ka gano dabarar wani inji, kafin azahar kowa ya ji. Yanzu ka tambayi mutum, sai ya ce, "Ai yana cikin littafin kamfani, je ka duba." Gwanin wannan hali shi ne Gil Sang-pil, ma'aikaci ne na gaske, ba a raina masa, amma ko lambar sifana ba ya ara wa mutum. Shekara biyar a jere yana zuwa na ɗaya, kuma ba ya bari a manta.

A shekarar farko, ɗaya daga cikin biyun ƙasa ita ce Eom Hye-rin, injiniyar da ta tafi hutun haihuwa. Ba laifin da ta yi. Wanda ba ya nan ya fi sauƙin rubutawa, shi ke nan. Shekara ta zagayo, jaririyarta ta yi ta fama da ciwon ƙirji, Hye-rin ta yi ta neman izinin zuwa asibiti, kowa kuma ya san inda alƙalamin shugaban sashe na lokacin, Pyo Jae-uk, ya nufa.

Pyo ne da bakinsa ya ba mu labarin abin da ya faru, bayan ya bar aiki. Ya ce yana zaune da fom a gabansa, ya yi kwana uku yana juya shi, sai ga Tak ya shigo da kofin gahawa ya dire masa a tebur.

"Shugaba, sha. Na ga fuskarka kamar wanda ya haɗiye ƙusa."

"Yaya Tak, bar ni da abin da ke damuna."

"Abin da ke damunka ne ya kawo ni. Rubuta ni."

Pyo ya ce ya ɗago ya dube shi. "Ka san me kake faɗa kuwa? Bana fa ake sa ran ba ka shugabancin aikin rana."

"In na zama shugaba wa zai saurari famfunan? Kai? Kunnen da ko matarka ba ya ji?"

"Yaya, ba wasa nake ba. Ƙarya ke nan zan rubuta."

"Takardar nan ta tambaye ka wane ne ba ya aiki? Cewa ta yi ka kawo mutum biyu. Ko wa ka rubuta ƙarya ce, to gara ka yi wadda ba za ta kori uwa da goyo ba. Ni bara ina tsakiya, sau ɗaya ba zai kai ni hawa na huɗu ba. Sha gahawarka kafin ta huce."

Haka aka yi. Da sakamako ya fito Tak ya kai gida, matarsa Gyeong-suk ta karanta, ta sake karantawa, ta ajiye cokali.

"Na kutal? Kai da ka manta ranar aurenmu sau uku saboda famfo? To in kai ne na kutal, na ɗayan a cikin bututu yake kwana?"

Ya yi mata bayani. Ta yi kwana biyu ba ta sa masa ƙwai a cikin naɗin shinkafar da yake tafiya da shi aiki ba. Ran na uku ta sa biyu, ta ce ya kai wa yarinyar nan mai goyo ɗaya.

Tun daga nan abin ya zame masa al'ada. Shekara ɗaya ya huta, shekara ɗaya ya shiga ofis da kofin takarda. A kullum akwai wanda ke bakin rami: wanda mahaifinsa ya kwanta, wanda aka canzo daga wani sashe bai gama gane namu ba. Mun kai ga in muka hango shi a Nuwamba riƙe da kofi biyu, sai mu sunkuyar da kai. Abokan shigarsa aiki suka zama manya, wasu har da direba. Shi yana nan da sandarsa, kuma ba mu taɓa jin ya yi tsaki a kan haka ba. Littafinsa kuwa a buɗe yake kwana a kan teburin shan shayi, duk mai so ya kwafa. Gil ya taɓa ce masa a gaban mutane, "Baba, kana koya wa mutane yadda za su taka ka su wuce. Wannan ai sakarci ne." Ya yi dariya ya ce, "To ka zo kai ma ka taka, akwai wuri."

Akwai masu cewa abin da ya yi bai dace ba, wai ya rufe wa tsarin asiri, da an bar shi ya yi ta cin mutane da tuni an soke shi. Wataƙila suna da gaskiya. Sai dai masu faɗin haka ba su taɓa raka abokin aiki zuwa hawa na huɗu da kwalin kayansa a hannu ba.

Abu ɗaya tak Baba Tak ya taɓa nema wa kansa. Kamfanin kan sake ɗaukar wasu tsofaffin hannu bayan ritaya, shekara biyu, su koyar da sababbi. Wannan yake so, so ba na wasa ba. Ya yi shekara uku yana tsara darussa a sabon littafi, har ya auna wa maƙeri sanduna goma. Sharaɗin ɗaya ne: kada mutum ya fita da na ƙasa biyu a jere. Bara ya ɗauka, don haka bana shekarar hutunsa ce, hanya a share take.

Sai dai bara ba shi kaɗai ya kwana a ƙasa ba. Na biyun Gil Sang-pil ne. An yi masa aiki a ƙashin baya, ya yi wata huɗu a kwance, ya dawo yana tafiya a karkace. Bana ma bai gama miƙewa ba. Shekararsa hamsin da biyu, 'ya'ya biyu a makaranta, kuma babu ko mutum ɗaya a sashen da zai buɗe baki saboda shi. Gurbi ɗaya na ƙasa ya faɗa kan wanda bai daɗe da samun ƙarin girma ba, ba abin da zai same shi. Ɗayan kuwa kowa ya san na Gil ne.

Shugabar sashe yanzu ita ce Eom Hye-rin. Ta ce da ta ga an turo ƙofa, ta ga kofin takarda, ba ta ma jira Baba ya dire shi ba.

"Baba, mayar da gahawar nan. Ba na sha."

"Tun yaushe?"

"Tun yau. Bana ba shekararka ba ce. In na rubuta ka, koyarwar ta tafi. Shekara uku kana rubuta littafin nan!"

"Littafi ai ba ya ritaya. Ga shi can kan tebur."

"Haba Baba! Saboda Gil? Mutumin da ya kira ka sakarai a gabanmu?"

"Ya kira. Kuma duk sashen nan babu mai kwance famfo ya ɗaure kamarsa, ke ma kin sani. Ni in na fita, gida zan tafi wurin Gyeong-suk ta yi ta yi mini faɗa. Shi in ya hau hawa na huɗu, ina za shi?"

Hye-rin ta ce ta yi masa duk gardamar da ta iya, har ta ce ita ce shugaba, ita ke da alƙalami. Ya ce haka ne, ranki ya daɗe. Ya tambayi lafiyar 'yarta, wadda yanzu ke aji ɗaya a sakandare, ya fita ya bar kofin. Ta yi kuka sosai a ofis ɗin nan, ta kuma rubuta sunansa.

Ya ji zafin abin, kada wani ya ce muku bai ji ba. Ranar da jerin masu koyarwa ya fito babu shi, mun gan shi ya daɗe tsaye a kan famfo na arba'in da huɗu, sandar a kunne, alhali lafiyar famfon ƙalau.

Baba Tak, kai ne ka koya mana cewa inji yana faɗin ciwonsa tun kafin ya faɗi, in an samu mai saurare. Ashe mutane ma haka kake sauraronsu. Kai ne ka zauna a ƙasan takarda don kada wani ya faɗo ta wurin. Mai kunnen matatar mai, ka shiga da sanda ɗaya ka fita da ita, ba ka kori kowa ba, ba ka taka kowa ba.

Ranar Juma'a da rana muka yi masa walima a gidan miyar kifi na bakin kasuwa. Gyeong-suk ta zo, ta ba mu labarin wai tun yanzu ya fara manna ludayi a jikin firij, ya ce mata injin wankinta ba zai ga bazara ba. Aka yi ta dariya. Da aka zo bankwana ya raba sandunan nan goma da maƙeri ya riga ya ƙera, ya ce duk mai son darasi ya same shi gida ran Asabar, amma ya zo da abin taɓawa, don shi yanzu ba mai albashi ba ne.

Gil ma ya zo. Ana shirin tashi sai ya miƙe da ƙyar, ya dafa bayansa, ya je wurin injin gahawa na bakin ƙofa. Muka zaci Baba zai kai wa. Sai ya wuce shi, ya dire kofin a gaban Hye-rin da hannu biyu.

"Shugaba, baɗi ni za ki rubuta."

Ta ce, "Gil, Disamba fa muke. Saura wata goma sha ɗaya."

"Na sani. Layi nake kamawa, kada wani ya riga ni."

Sannan ya juya ya rusuna wa Baba Tak, irin rusunawar da likita ya hana shi, ya daɗe bai ɗago ba. Baba ya kama kafaɗarsa ya ce, "Kai, miƙe, kada ka ɓata mini aikin da na yi."

Mun gode, Baba Tak. Allah ya ƙara lafiya, ya ba Gyeong-suk haƙurin zama da kai yini guda cur. Ku kuma da ke aiki a duk inda ake jera mutane a takarda, ba mu ce kowa sai ya ɗauki na kutal ba. Amma ku buɗe durowar nan ku fito da littafin, ku kuma dubi wanda ke kusa da ku in Nuwamba ta gabato. Tsarin yana nan bai tafi ba, baɗi ma mutum biyu za a nema. Sai dai Litinin ɗin nan, ƙarfe bakwai na safe, an ga wani mai tafiya a karkace tsaye a kan famfo na ɗaya, da sabuwar sanda a bayan kunne, mutum uku na biye da shi yana yi musu bayani.