Ranar da Dodon Japan Ya Cinye Mini Aiki

Ko zan manta da komai a duniya, ban da ranar da kakata ta kashe mini aiki saboda wani dodon Japan.

Lokacin ina ƙauyenmu kusa da Cadakori, ina jiran kira daga wani buro, wato ofis, a Gidan Rumji da ke neman direba. An gargaɗe ni cewa wanda aka kira bai amsa ba, na bayansa za a ɗauka. Don rage zafin jira na cika salulata da katun ɗin 'yan Japan, wato fim ɗin zane, irin wanda ba faɗa ba kisa. Wani dodo mai fukafukai ne ya gaji da cin mutane ya buɗe gidan abinci. Iyakar labarin ke nan fa. Yau miya ta ƙone, gobe aljana ta fasa tulu.

Tsautsayi ya sa na nuna wa kaka. Ba ta jin ko kalma ɗaya, amma ta raɗa wa dodon suna Tanko. In ya cika gishiri ta yi masa faɗa, in sun zauna cin abinci har "a ci lafiya" take ce musu.

Ran nan aka tashi da ruwan shuka. Salula ba ta kamawa sai a gindin rumbunmu, don haka na bar wa kaka ita a can.

"Kaka, in ta yi kuka ki danna kore, ki ƙwala mini kira. Ina gonar bayan gida."

"To, mijina," in ji ta, irin wasanmu na kaka da jika.

Da azahar na dawo na tarar da ita tana ƙyaƙyata dariya. Na tambaya ko an kira.

"Wani marar kunya ya dame mu. Ina danna ja shina sake kira. Daga baya na ɗauka na ce ya bari sai an jima, Tanko na sauke tukunya."

Innalillahi! Nan take na kira buro, suka ce ai an ba wani. Wallahi kamar in haɗiye zuciya.

"Kaka, zane ne fa! Zane! Ana tsayar da shi, tukunyar ba inda za ta!"

Ko gezau. Ta gyara zama ta ce, "Mi za ka gaya mani? Gidan Tanko, kowa ya fita da safe, marece na yi shina dawowa a ci tuwo tare. Nan fa? Ubanka na Agadas, ƙanensa na Libiya, kai ma ƙafarka guda na waje."

Na ja tsaki na koma gona.

Har yau in na tuna sai haushi ya turnuƙe ni, don na sha wuya kafin in sami wani aiki. Ko da gangan ta yi ta danna jan nan, Allah masani, ta rasu ba ta faɗa mini ba. Na dai koyi kada in sake barin wa tsohuwa salula ranar da nake jiran kira. Na kuma gane cewa abin da nake kallo don kashe lokaci, ita gidanta take gani a ciki, lokacin da yake cike da mutane.