Magdalena Ce, Ba 'Yar Maitama Ba

Kafin rana ta yi zafi Meshach yana bayan dutsen Ushafa, tsugune, da gashin kaza a hannu. Yakan shafo garin furen sitiroberi daga wannan tsiro ya ɗora wa wancan, ya lulluɓe da ƙyallen gidan sauro kada ƙudan zuma ya yi masa shisshigi. Ɗaurin aure yake kiran aikin.

Daga Filato ya zo, shekarar da gwamnati ta kwaso kujerunta daga Legas, aka ɗauke shi ban ruwan furanni a wani gida a Maitama. Kowa ya ce masa sitiroberi ɗan sanyi ne, Abuja za ta dafa shi. Kowan nan dai bai taɓa shukawa ba.

Shekara da shekaru yana aurarwa, bazara tana kashewa. Abin da ya tsira, matarsa Magdalena ke ɗanɗanawa, kuma maƙwabta shaida ne, yawanci tofarwa take yi. Ranar da ta haɗiye ta miƙo hannu a ƙara mata, ya sa wa irin sunanta.

Masu lambu ba sa hana iri, abin kunya ne a wurinsu. Da ogansa, mai gidan nan na Maitama, ya roƙi tukunya ɗaya ta irin don ado, ya ba shi har da taki. To, sitiroberi yaɗo yake yi, ya haifi ɗa sak uwarsa. Mai tukunya ɗaya ya mallaki irin duka. Yau gonakin oga cike suke, kwalayen kantuna kuma an buga musu 'Yar Maitama.

Da Meshach ya yi magana, oga ya dafa masa kafaɗa.

"Haba Baba, wa zai sayi abu mai sunan matar mai lambu?"

Bana ciwon gwiwa ya ajiye Meshach. Magdalena ta rasu bara, ba ta ga sunanta a kwali ko ɗaya ba.

Kai ne ka koya wa ɗan sanyi zaman rana, Meshach. Kai ne mai kyautar da aka mayar wauta. Mun gode, ko da yake godiya ba ta goge rubutun kwali.

Matasa, ku ɗauki gashin kazar nan, ku ci gaba daga inda ya tsaya. Ku kuma masu saye, in kun shiga kanti ku ce a ba ku Magdalena. Za a ce ba a san ta ba. Ku nuna da yatsa, ku maimaita.