Rantsuwar da Kawu Ya Ƙi Yi

A shekarar da unguwarmu a Garwa ta tsayar da mutanenta takarar kansiloli, ni aka ba aikin haɗa dosiye, wato takardun kowane ɗan takara. Karatuna bai yi nisa ba, amma ina iya karanta Faransanci, kuma ban taɓa ajiye takarda inda ba wurinta ba. Na jera su haka: takardar haihuwa a sama, sai shaidar kotu cewa ba a taɓa ɗaure mutum ba, sai takardar rantsuwa, wadda dole a sa mata hannu a gaban jami'i ya buga hatimi. Doka ba ta da sassauci. In takardar mutum ɗaya ta gaza, jerin sunayen gaba ɗaya ya faɗi, sai kuma wani zaɓen.

Ranar ƙarshe ta wa'adi na wayi gari da komai a hannu, in ban da rantsuwar kawuna, yayan mahaifiyata, wanda saboda sunansa ne sauran suka yarda suka shiga. Falken kifi ne. Tun farkon kaka yana Lagdo wajen masu banda, waya kuma ba ya ɗauka in yana ciniki.

Bayan asuba na hau moto, wato babur. Na same shi da hantsi, yana jujjuya kifi a kwando.

"Malam sakatare," in ji shi, "kai da takardunka har bakin ruwa?"

"Kawu, yau ne ƙarshe. Uku da rabi suke rufe taga."

"To bari in sallami mutanen nan."

Sallamar ta ci awa biyu. A hanya ya sa muka tsaya azahar. Ina sallar ina jin agogo a wuyan hannuna, Allah Ya yafe mini. Uku da minti goma muka shiga ofishin da ake buga hatimin, rigata ta jiƙe sharkaf. Jami'in ya tura takarda da biro.

Kawu ya riƙe biron, bai sunkuya ba. Shekara arba'in yana kasuwa, ba a taɓa jin ya ce wallahi a kan farashi ba.

"Karanta mini. Me zan rantse a kai?"

"Cewa ka cika sharuɗɗan takara, Kawu."

"Waɗanne?"

Da na ce na shekaru ne da na ƙasa, da an wuce wurin. Amma an tambaye ni jeri, ni kuwa ban iya tsallake ba. Na ce na farko ɗan ƙasa. Ya ce haka ne. Na biyu shekaru. Ya yi dariya. Na uku ba ka cikin wani jerin. Ya gyaɗa kai. Na huɗu, ka zauna a cikin gundumar watanni shidan da suka wuce.

Ya ajiye biron.

"Wata biyar ke nan ina kwana a Lagdo."

"Kawu, gidanka na nan, iyalinka na nan. Kowane falke haka yake yi, kuma duk sun sa hannu."

"Gidana aka rubuta, ko ni?"

Na juya wajen jami'in na roƙe shi ya yi masa bayani. Ya ce shi hatimi yake bugawa, fassarar doka ta alƙali ce. Ya dubi agogon bango. Uku da ashirin.

Na durƙusa, ni da furfura a gemuna, a gaban mutanen da ke layi. Na ambaci masu takarar ɗaya bayan ɗaya, na tuna wa Kawu magudanar unguwa da ke cinye katangu duk damina. Na ce in akwai zunubi a ɗora mini.

"Tashi, ɗan nan, kana ɓata wandonka," in ji shi a hankali. "Ba a ɗaukar wa wani wannan. Ku sa wani a madadina."

Wani kuwa sai ya nemo shaidar kotu, ita kuma ba ta fita a yini ɗaya. Na faɗa masa. Ya ce to Allah bai nufa ba.

Uku da rabi jami'in ya jawo katakon taga. Na fita na zauna a gindin darbejiya da dosiyen a cinyata, ina tsara wanda zan fara sanar wa da wanda zai biyo baya. Kawu ya tsaya a kaina ya jira. Da na gama, ya ce in fara da gidan limamin unguwa, shi ma zai bi ni ya faɗa da bakinsa.