Kaset ɗin Inna Dije

Ana sallame sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da abokin tafiyata, rikodata a jaka. Umra za mu, amma da saƙo a kaina. Manyan gidajen rediyo biyu na wajenmu sun haɗe, Abuja ta sa hannu, gwamnatin jiharmu ta ce ba ta yarda ba, ta tafi kotu. Da, in wannan gida ya ƙi kaset ɗin gaisuwa, wancan zai karɓa. Yanzu ƙofa ɗaya ce, kuma sun soke shirin gaisuwar da nake gabatarwa. Lauyan jiha ya ce in samo masa muryar waɗanda abin ya taɓa.

Bayan mun yi umra muka sauka Jidda. Zafinta mai ɗanko ne, titunanta sumul, direbobinta kuwa kamar ana korarsu. A unguwar Hindawiyya ƙamshin masa ya ja mu wani lungu. Abokina ya ji kuɗinta, nan take ya tuna azumi yake yi.

Mai masar ita ce Inna Dije, tsohuwa ’yar ƙasarmu da ta daɗe a can ba iƙama, wato takardar izinin zama. Duk shekara takan ba alhazai kaset, mu sa a rediyo, ƙaninta Sule ya ji a ƙauye, don ba shi da waya. Bana da ya ji shiru, sai ya ɗauka ta rasu. Wasu ’yan ƙauyensu da suka zo umra ne suka kawo mata labarin.

“Ya waladi, ɗana, wai har sadakar arba’in sun yi mini!” in ji ta tana dariya, da ta ji ni ne mai shirin. “Ni da nake nan ina juya masa? Yalla, maza danna rikodar nan.”

Na danna. Dariyar ta tsaya. “Sule, ni ce Dije. Ina nan da raina. Halas, shi ke nan.” Ni kaina sai da na share ido.

Da muka dawo, kafin in ga lauya, ƙauyen na fara zuwa. Na kunna wa Malam Sule kaset ɗin, ya ji, ya ce in maimaita, na maimaita. Yana hawaye yana dariya ya ce, “To, ai mun riga mun cinye sadakarta!”

Shari’a tana nan, ban san inda za ta faɗi ba. Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, shirin da masu kamfani suka raina, da shi wani yake sanin yayarsa tana raye. Kwafi na kai wa lauya. Na asalin, Malam Sule ya ƙi saki.